Ruwan Baƙo a Ƙasar Gishiri

Da sunan Wanda ya ɗaga sammai ba da ginshiƙi ba, ya watsa taurari a cikinsu, ya ɓoye wa bayinsa adadin abin da ya halitta. Ya ku masu sauraro, ku gyara zama. Ni ce Hakama 'yar Nomau, mutuniyar Tudun Kunnuwa a ƙasar Zarmaki, kuma abin da zan ba ku labari da idona na gan shi. Wanda ya ga dama ya gaskata, wanda bai ga dama ba ga hanya nan, ni ba ni da lokacin rantse-rantse.

Garinmu ya samo sunansa ne daga waɗansu manyan faya-fayen ƙarfe da kakanninmu suka kafa a kan tudu, kowanne ya fi rumfar kasuwa faɗi, fuskarsa tana kallon sama. Da su muke sauraron taurari, ko Allah zai sa mu ji motsin wata halitta mai hankali wadda ba ɗan Adam ba. Kakana ya saurara har ya kurumce, bai ji komai ba sai shuuu. Mahaifina ya gaje shi, shi ma shuuu ɗin ya bar mini gado. Mutanen gari kuwa ba su raga mana ba. In na shiga kasuwa sai ka ji ana cewa, "Hakama, yau me taurari suka ce? Sun gaishe mu?" Ni kuma bakina ba ya mutuwa, nakan ce sun gaida kowa ban da mai tambaya.

Wata rana da hantsi ina zaune a ɗakin sauraro ina ɓarar gyaɗa, sai kira ya shigo. Ƙara ce kamar ana ƙwanƙwasa tasa da cokali, a ƙwanƙwasa kaɗan, a yi shiru, a sake da wani salo daban. Na zabura na miƙe, gyaɗar ta watse a ƙasa. Dattawan ƙasa suka yi ta ja-in-ja har damina ta wuce, daga ƙarshe suka yarda a tura mutum uku a cikin jirgin taurari mai suna Tsattsewa. Na farko Madugu Mijinyawa, tsohon bafatake da ya saba yawo tsakanin duniyoyin da 'yan Adam suka zauna, mai ƙaton tumbi da muryar da ba ta san raɗa ba. Ta biyu ni, domin kunnena ne zai bi sawun kiran. Na uku yayana Korau, matuƙin jirgi, wanda ba a nema ba shi ya kawo kansa. Ya ce ƙanwarsa ba za ta shiga inda ba a taɓa shiga ba shi yana gida yana shan fura. Korau mutum ne mai sanyi da kara, irin wanda in ka taka shi, shi zai ba ka haƙuri. Tun da iyayenmu suka rasu shi kaɗai ya rage mini. Saboda haka tun ranar da muka tashi abu ɗaya nake tsoro, kada in dawo gida babu Korau.

Farkon abin da muka tarar shi ne wurin da fatake ke kira Kasuwar Duwatsu, inda duwatsu ke gudu suna karo da juna, wani kamar tukunya, wani ya kai gari guda. Babu hanyar zagaye. Wani ya daki gefen Tsattsewa har kwanukanmu suka zube, Madugu ya kama salati yana haɗawa da ashar.

Korau ya ce, "Madugu, in muka ci gaba da kutsawa niƙe mu za su yi. Bari mu ɗaure a jikin babbansu ya ja mu."

Ya kashe wutar jirgi, ya sa rigar fita, ya ɗauki igiyar ƙarfe ya yi waje. Ina kallonsa ta taga yana rarrafe a bayan wani ƙaton dutse, tsakuwa na shawagi ta gefen kansa, ni kuwa na ciji leɓena har na ji jini. Ya kafa turke, ya ɗaure, ya dawo. Dutsen ya yi ta janmu yana ture ƙanana har muka ɓulla ɗaya gefen. Da Korau ya cire hular rigarsa na ga tsakuwa ta tsaga ta, saura ƙiris ta huda. Na ce masa in ya sake yi mini irin wannan ni da kaina zan kashe shi. Ya yi murmushi ya ce, "To, ƙanwata."

Daga nan muka faɗa wani fili mai faɗi, sai faifan jirginmu ya kamo wani bugu mai ƙarfi wanda ya danne kiran da muke bi. Dum, dum, dum, ba tsayawa. Madugu ya miƙe tsaye yana murna.

"Mun iso! Ku ji gangar tarba! Korau, juya can."

Korau ya juya. Muna matsawa bugun na ƙaruwa, wani shuɗin haske yana sharar jirgin yana wucewa, kuma duk sharar da ya yi sai fatar hannun Korau da ke riƙe da akala ta ƙara ja. Na kasa kunne sosai, hankalina ya ƙi kwanciya.

Na ce, "Madugu, wannan ba mai rai ba ne."

"Ke rufa mana baki. Ba ki ji yadda yake a tsare ba?"

"Tsaruwar ce ta yi yawa. Ka taɓa jin makaɗin da ba ya kuskure, ba ya gajiya, ba ya tsayawa ya ji ko an amsa masa? Wanda ya kira mu yakan yi shiru ya jira. Wannan shi kaɗai yake kiɗansa."

Bai yarda ba sai da muka hango gawawwakin jirage, na masu nema irinmu daga waɗansu ƙasashe, sun ƙone ƙurmus, suna zagaya wani mataccen tauraro mai jujjuyawa kamar katantanwa.  Korau ya laɓe da mu a inuwar wani ƙonannen jirgi, in hasken ya wuce sai ya zabura zuwa inuwar na gaba, da haka da haka har muka fita. Hannuwansa duk sun yi bororo. Ina shafa masa man kaɗe ina faɗa, shi kuma yana ba ni haƙuri kamar shi ya ƙona kansa.

Bayan tafiya mai tsawo, har furfurar Madugu ta ƙaru, kiran gaskiya ya kai mu wata duniya fara fat mai rana biyu. In ɗaya ta faɗi ɗaya ta fito, ba a san duhu ba a can. Babu kogi, babu gajimare, babu ko tsiron ciyawa. Iskarta tana shaƙuwa, amma nan take take busar da maƙogwaro. Muka sauka a gaban wani birni mai dogayen hasumiyoyi masu ƙyalli. Madugu ya fara taka ƙasa, ya yi gyaran murya, ya tofar da yawu kamar yadda ya saba. Inda yawun ya faɗa ƙasar ta yi cuuu, ta lotsa. Na dangwala na lasa, ashe gishiri ne, duniyar gaba ɗayanta. Madugu ya ce kaico da bai zo da buhuna ba. Muka yi dariya mu duka uku, babu wanda ya tsaya ya yi tunani.

Ba mu daɗe ba suka fito. Dogaye ne sirara, jikinsu fari mai sheƙi irin na ƙasarsu, ba su da ido ko baki da za ka nuna, sai dogayen hannuwa masu yatsu da yawa. Da yatsun suke ƙwanƙwasa ƙirjinsu, wannan ita ce maganarsu, kuma ita ce ƙarar da na ji a ɗakin sauraro. Na tuna kakana da mahaifina, zuciyata ta cika. Na ɗauko tasa da cokali na mayar musu da kiransu. Suka yi tsit, sannan suka ɗauki ƙwanƙwasa gaba ɗaya har ƙasa na amsawa. Ɗaya daga cikinsu ya matso, yana da wani shuɗin layi a gefen fuska, saboda haka muka sa masa suna Bille. Korau ya yi masa sallama, ya nuna masa ƙofar jirgi, ya biyo mu ciki.

To, a ƙasarmu ba a tambayar baƙo labari sai ya sha ruwa. Wanda ya shigo gidanka ka fara yi masa tambaya bakinsa a bushe, sai a shekara ana zancen rowarka. Korau ya shimfiɗa tabarma, Bille ya naɗe dogayen ƙafafunsa ya zauna. Ruwa a jirgi awo ake yi, kowa da rabonsa, amma yayana ya juye nasa rabon kaf a ƙwarya, ya durƙusa, ya miƙa da hannu biyu. Ni da Madugu muna tsaye muna jin daɗi, muna cewa a ranmu yau mun fitar da 'yan Adam kunya.

Bille ba shi da ido, motsi yake ji ko daga nesa, amma sabon abu da hannu yake gane shi. Ya miƙa hannunsa ya tsoma a cikin ƙwaryar har wuyan hannu.

Na ji cuuu, irin wadda na ji a waje. Ruwan ya yi fari kamar an dama nono. Da ya zaro hannun babu yatsu, babu tafi, sai dungu yana ɗiga. Jikinsa gaba ɗaya ya saki wata ƙara siririya mai tsayi, kamar gilashi na tsagewa.

"Innalillahi!" in ji Korau. Ya saki ƙwaryar, ya kai hannu zai tallafe shi, ya manta hannunsa a jiƙe yake, sai ga shatin yatsunsa ya nutse a kafaɗar baƙon. Na waje suka afko da dogayen sanduna masu tsini, suka saƙalo Korau ta wuya, suka ja shi a ƙasa suka fita da shi. Na bi su da gudu, Madugu ya fizgo ni ya datse ƙofa.

Ta taga muka ga abin da suka yi. A filin da ke ƙofar birni suka tsayar da shi, suka tara masa gishiri har ƙirji, gishirin ya daskare ya zama dutse. Masu sanduna suka kewaye shi, tsinin yana taɓa wuyansa. Rana na dukansa daga sama, gishiri na tsotsarsa daga ƙasa. Kafin ranar farko ta faɗi leɓunansa sun tsage, kansa ya langwaɓe gefe guda.

Madugu ya jawo bututun babbar randar jirgi ya saita shi ta kafar ƙofa.

Ya ce, "Hakama, makami na hannunmu ba mu sani ba. In na murɗa wannan, kafin su ankara rabinsu ya narke. Mu ɗauko yayanki mu kama gabanmu."

Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta so. Har na ɗora hannuna a kan mamurɗin. Amma na sake duban sandunan nan, na ga ɗigon farko da zai taɓa ɗayansu, tsinin zai shige wuyan Korau.

Na ce, "Kafin ruwanka ya isa sun soke shi."

"To mu zauna muna kallo ya zama kilishi?"

"Madugu, su a ganinsu me muka yi? Sun kira, mun zo, mun zaunar da manzonsu a tabarma, mun miƙa masa dafi da hannu biyu. Ko sau ɗaya sun ji mun sha abin nan?"

Madugu ya yi ta huci. Can ya nuna hasumiyar da ta fi tsawo ya ce, "In rana ta biyu ta hau kan waccan ba ki dawo da shi ba, wallahi zan murɗa. Ko kina tsakiyarsu."

Na cika gora na toshe bakinta, na ɗauki ƙwarya, na naɗe goshina da wuyana da mayafi don kada gumina ya ɗiga a kan wani. Na ja wa kaina kunne cewa ko me zan gani ba kuka, domin hawayena ma makami ne a garin nan. Na fita.

Suka dare mini hanya, sanduna na bina ta ko'ina. Na zauna a ƙasa nesa da su kaɗan, na buɗe gora na tsiyaya. Ƙarar zubar ruwan kawai suka ji filin ya hargitse, manya na ja da baya suna kare ƙananansu, masu gadi suka ƙara danna tsini har na ga jini a wuyan Korau. Na ɗaga ƙwaryar sama, na kai bakina, na sha a hankali ina haɗiya da ƙarfi yadda za su ji. Na ajiye. Na buɗe hannuwana na jira.

Babu wanda ya ƙwanƙwasa. Suna jira in narke.

Na sake cika ƙwaryar, na fara jan gwiwa zuwa wurin Korau. Sanda ta tare ni a ƙirji. Sai ga Bille ya fito daga cikin taro da dungunsa, ya ƙwanƙwasa ƙirjinsa da hannun da ya rage, aka janye sandar. Na isa ga yayana, na tallafi haɓarsa. Da farko ruwan ya ƙi wucewa, na ce shi ke nan na makara. Na kira sunansa, na kira shi da sunan da innarmu ke kiransa, sai maƙogwaronsa ya motsa. Ya sha, ya sake sha, ya buɗe ido.

Da wata murya kamar ta tsoho ya ce, "Hakama, yaya hannun baƙon?"

Na ce, "Sha ruwa ka rufe mini baki."

Filin ya ɗauki ƙwanƙwasa, wannan ya yi wancan ya amsa, aka daɗe ana yi. Sun gane abin da ke cinye su ya tashi wanda ya kusa mutuwa. Na sa rai yanzu za su fasa gishirin. Ba su fasa ba. Na saci kallon hasumiya, rana ta biyu ta kusa kai mata kafaɗa.

Bille ya shiga birni ya dawo ɗauke da kaskon dutse, cike da wani farin gari mai laushi. Ya tsoma dungunsa a ciki, na ji ƙarar jikinsa ta yi taushi kamar ta wanda ya samu sauƙi. Sannan ya zo gabana ya durƙusa, daidai yadda Korau ya durƙusa masa, ya tallafi kaskon da hannu ɗaya da dungu, ya miƙo mini. Ƙaurin garin ya daki hancina, idanuna suka fara yaji.

Korau ya ce, "Kada ki taɓa. Don Allah, ƙanwata, kada ki taɓa."

Duk filin ya juyo gare ni. Sandunan suna nan a wuyan yayana. Daga can baya na ji kukan bututu, Madugu ya fara ɗana shi. In na ƙi karɓa, na gaya musu ke nan mun san abin da baƙo ke miƙawa yana cutarwa, kuma da gangan muka miƙa namu. Na so in ba da hagu, wallahi na so. Amma ba a karɓar abin mai gida da hagu, kuma 'yar Nomau ba za ta fara a gaban baƙin halitta ba. Na yi bisimilla na tsoma hannun dama har wuyan hannu.

Tafina jiƙe yake da gumi. Garin yana haɗuwa da shi ya kama ci kamar garwashi. Na yi niyyar daurewa, amma ihu ya ƙwace mini, irin wanda ban san ina da shi ba. Na zaro hannun, fatar ta saluɓe, yatsun sun ƙanƙance.

Bille ya saki kaskon ya tarwatse a ƙasa. Jikinsa ya saki ƙarar nan siririya mai tsayi, ita dai wadda ya yi a cikin jirgi, alhali wannan karon babu abin da ya taɓa shi. Ya kawo hannu zai tallafe ni, ya tsaya cak, hannun a iska tsakanina da shi. Sai ya juya ya fizge sandar wani mai gadi, ya kama dukan gishirin da ke jikin Korau da hannu ɗaya, yana duka yana wannan ƙara. Sauran suka sauke sandunansu suka taya shi. Na fizge mayafina da hagu na ɗaga sama ina kaɗa wa Madugu, ina ihu kada ya murɗa. Rana ta riga ta zauna a kan hasumiya. Ruwan bai fito ba.

Korau ya faɗo a kaina, ni na riƙe shi, shi ya riƙe ni, muka ja jiki zuwa jirgi. Madugu yana naɗe mini hannu yana faɗa, wai ramuwa ce suka yi, hannu a bakin hannu, kuma ni ce sakaryar da ta miƙa. Ban yi musu da shi ba, ba ni da ƙarfi. Amma ni aikina sauraro ne tun ina yarinya, kuma na san abin da na ji.

Da za mu tashi na leƙa ta ƙofa, na ga Bille shi kaɗai a gindin jirgi. Na ɗaga masa naɗaɗɗen hannuna, ya ɗago dungunsa. Taku kaɗan ne tsakaninmu, babu wanda ya matso.

Iyakar abin da na gani ke nan, abin da ya ɓoyu kuwa Mai sammai ne masaninsa. Yatsuna ba su dawo ba, da hagu nake cin tuwo yanzu, kuma duk wanda ya yi mini kallon rashin tarbiyya yakan ji abin da bai shirya ji ba. Korau yana nan da ransa, katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa. Bai taɓa tayar da zancen ƙasar gishiri ba ko sau ɗaya. Sai dai har yau in baƙo ya yi sallama a ƙofarsa, ko maƙwabcin da ya sani tun yarinta ne, yakan ɗebo ruwa ya durƙusa, ya fara kurɓa a gabansa, ya jira kaɗan, sannan ya miƙa masa.